Tarihin Wasannin Kasada na Sararin Samaniya a Ƙananan Kwamfutoci, da Dalilan da Suka Hana Su Isowa Ƙasar Hausa: Waiwaye Daga Yankin Dayi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin tarihin wani nau'in wasa da ya yi tashe a ƙasashen Amurka da Ingila tsakanin 1977 da 1986, watau wasan kasada na sararin samaniya, wanda ake yi a kan ƙananan kwamfutoci na cikin gida. Mai yiwuwa ne wani daga cikin mahalarta wannan taro ya ce, to, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan masu nazarin Hausa da wasan yaran Turawa? Amsarmu ita ce, da kalmomi aka gina mafi yawan waɗannan wasanni, saboda haka suna da gurbi a cikin tarihin adabi kamar yadda tatsuniya da ƙagaggen labari suke da shi.

Za mu kawo asalin wasannin da bunƙasarsu, sa'an nan mu dawo gida mu duba halin da ƙasar Hausa take ciki a daidai wannan lokaci. Mun zaɓi yankin Dayi, a ƙasar Malumfashi ta Jihar Katsina, don ya zama ma'auninmu, domin yanki ne na manoma wanda kuma yake kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Gwarzo, inda baƙin kaya ba su cika wuce shi ba. Ra'ayin da za mu kare shi ne, Bahaushe yana da sha'awar labarin sama, yana kuma da gwanintar ba da labari. Abubuwa uku ne suka shiga tsakaninsa da waɗannan wasanni, watau wutar lantarki da tattalin arziki da harshe, kuma na ukun ne ya shafi wannan taro kai tsaye.

2.0 Ma'anar Wasan Kasada

Abin da muke nufi da wasan kasada shi ne labarin da kwamfuta take bayarwa guntu-guntu, mai wasa kuwa shi ne tauraron labarin. Kwamfuta za ta rubuta bayanin wurin da yake da abubuwan da yake gani, shi kuma ya buga mata umarni, ita kuma ta faɗa masa abin da ya biyo baya. Ga misalin da muka ƙaga da Hausa don a fahimci tsarin:

Kwamfuta: Kana cikin ɗakin matuƙin kumbo. Fitilu sun mutu. Akwai ƙofa ta yamma, ga kuma wani akwati a ƙasa.
Mai wasa: BUƊE AKWATI
Kwamfuta: Akwai tocila da igiya a ciki.
Mai wasa: ƊAUKI TOCILA

Da haka mai wasa zai yi ta tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki yana warware matsaloli, har ya kai ƙarshen labari ko kuwa ya hallaka ya sake daga farko. Wannan ya bambanta da wasannin harbi irin su Space Invaders, wanda kamfanin Taito na Japan ya fitar a 1978, domin shi saurin hannu yake bukata. Wasan kasada kuwa karatu da haƙuri da kaifin tunani yake nema, kamar dai kacici-kacici.

3.0 Asali: 1962 Zuwa 1977

Tun daga ranar 4 ga Oktoba 1957, da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko mai suna Sputnik, tseren zuwa sama ya mamaye zukatan matasa masu karatun kimiyya. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da wasan kwamfuta na farko da ya yi suna ya kasance na kumbo. A 1962 Steve Russell da abokansa a cibiyar fasaha ta MIT suka rubuta Spacewar a kan kwamfutar PDP-1, inda kumbo biyu suke faɗa a kewayen wani tauraro mai fizgo su. A 1969, bayan saukar Apollo 11 a kan wata, wani ɗalibin sakandare mai suna Jim Storer ya rubuta wasan saukar da kumbo, wanda ba shi da hoto ko ɗaya: mai wasa zai faɗi yawan man da za a ƙona, kwamfuta ta lissafa masa nisan da ya rage. A 1971 Mike Mayfield ya rubuta wasan Star Trek, shi ma da haruffa da lambobi kawai.

Uban wasannin kasada kuwa ba a sama ya faro ba, a cikin kogo ya faro. Will Crowther, wanda ya kasance mai sha'awar shiga koguna, shi ya rubuta Colossal Cave Adventure a tsakanin 1975 da 1976, sa'an nan Don Woods na Jami'ar Stanford ya faɗaɗa shi a 1977. Shi ne ya kafa tsarin umarni na kalma biyu, aikatau da suna. To, amma duk waɗannan wasanni a kan manyan kwamfutoci na jami'o'i da kamfanoni suke, waɗanda talaka ko ganinsu ba ya yi.

4.0 Zamanin Ƙananan Kwamfutoci

4.1 Amurka

Shekarar 1977 ita ce mararraba. A cikinta ne aka fitar da kwamfutoci uku da mutum zai iya saya ya kai gida, watau Apple II da Commodore PET da TRS-80, a cikinta ne kuma aka nuna fim ɗin Star Wars. Matsalar waɗannan ƙananan injuna ita ce ƙarancin ma'ajiya. Ana auna ma'ajiya da kilobayit, kowane ɗaya kuwa yana ɗaukar harafi 1,024. Kenan kilobayit 16, wanda ake ganin babbar wadata ce a lokacin, bai kai ya ɗauki wannan takarda sau biyu ba.

A cikin wannan ɗan wuri ne Scott Adams ya cusa wasansa Adventureland a 1978 don TRS-80. A 1979 ya fitar da Strange Odyssey, inda mai wasa yake samun kansa a wata 'yar ƙaramar duniya da kumbonsa a lalace. A watan Mayu na wannan shekara mujallar SoftSide ta buga Dog Star Adventure na Lance Micklus, tare da dukkan umarnin da aka gina shi da shi, ta yadda mai karatu zai kwafe shi da hannunsa, ya kuma koyi yadda ake ƙera irinsa.

Kamfanin Infocom, wanda wasu mutanen MIT suka kafa a 1979, shi ya ɗaukaka wannan fanni ya kai shi matsayin adabi, domin wasanninsa suna fahimtar cikakkiyar jimla. A 1982 Dave Lebling ya rubuta Starcross, labarin wani mai haƙo a sama da ya ci karo da wani ƙaton kumbo na baƙin halittu. A 1983 Steve Meretzky ya rubuta Planetfall. A cikinsa mai wasa ƙaramin ma'aikaci ne mai goge daɓen kumbo. Kumbon ya tarwatse, ya faɗa wata duniya da annoba ta watsa mutanenta, ya sami aboki, wani mutum-mutumin inji mai halin yara da ake kira Floyd. Can gaba Floyd ya shiga wani ɗaki mai haɗari don ya ɗauko wa mai wasa abin da yake bukata, ya fito da raunin da ya zama ajalinsa. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi wasan sun ba da labarin cewa sun zubar da hawaye a wannan gaɓa, alhali ba abin da suke kallo sai rubutu. A 1984 kuma Meretzky ya haɗa kai da marubuci Douglas Adams suka mai da littafinsa The Hitchhiker's Guide to the Galaxy wasa.

4.2 Ingila

A Ingila arha ce ta buɗe ƙofa. Clive Sinclair ya fitar da ZX81 a 1981 mai kilobayit ɗaya tak, sa'an nan ZX Spectrum a watan Afrilu 1982, ana sayar da mai kilobayit 16 fam 125, mai 48 kuwa fam 175. Ana jona su ne da talabijin na gida, wasannin kuwa a kan kaset suke zuwa, irin wanda ake ɗaukar waƙa da shi, a sa shi a rikoda ya yi ta ƙara na 'yan mintoci kafin wasa ya hau. Kamfanin Artic ya fitar da Planet of Death a 1981. Kamfanin Level 9, na wasu 'yan'uwa masu suna Austin, ya fitar da Snowball a 1983, labarin kumbon da ya ɗauko ɗimbin mutane suna barci za shi wata sabuwar duniya, aka karkatar da shi zai faɗa cikin tauraro. Kamfanin ya yi shelar cewa wasan yana da wurare fiye da 7,000, ko da yake akasarinsu lunguna ne masu kama da juna.

Wanda ya fi duka shahara shi ne Elite, wanda ɗalibai biyu na Jami'ar Kembirij, David Braben da Ian Bell, suka rubuta don kwamfutar BBC Micro, ya fito a watan Satumba 1984. Shi yana da zane, kuma ba a buga masa jimla, amma ya ɗauki ruhin kasada. Yana da rukunin taurari 8, kowanne da duniyoyi 256, jimla 2,048. Ba a ajiye bayanansu ɗaya bayan ɗaya ba, domin babu wuri. Daga wasu 'yan lambobi ƙalilan kwamfuta take lissafo sunan kowace duniya da arzikinta da irin mulkinta duk sa'ad da aka bukata. Mai wasa falke ne: yana farawa da ɗan jari, ya sayi abinci da arha a duniyar manoma, ya kai duniyar masana'antu, ya sayo injuna ya dawo, yana kare kansa daga 'yan fashi a hanya. Duk wanda ya san tarihin ayarin fatake masu zuwa Gwanja sarin goro, da zango-zango da haɗarin hanya, ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan wasa. Haka kuma duk wanda ya ga auduga tana fita daga Funtua da Malumfashi, yadi da injuna suna shigowa, ya san yadda farashi yake tsakanin ƙasar noma da ƙasar masana'antu.

Daga 1986, da fitowar irin su Space Quest na kamfanin Sierra, hoto ya fara rinjayar rubutu, har zuwa ƙarshen shekarun 1980 kasuwar wasannin rubutu zalla ta ja da baya.

5.0 Sararin Samaniya a Tunanin Bahaushe

Yanzu sai mu dawo gida. Manomin Dayi ba baƙo ba ne ga sama. Ya san Gamzaki da Zara da Kaza da 'ya'yanta, malamai masu hisabi kuma suna lissafa shekara da taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya kuwa 14, don sanin lokacin shuka da ɗaukewar ruwa.

Tseren zuwa sama ma ya taɓo ƙasar Hausa da kansa. Hukumar NASA ta Amurka ta kafa tasha a Kano don bin sawun kumbunan shirin Mercury, tana kuma cikin tashoshin da suka bi John Glenn sa'ad da ya zagaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu 1962, shekarar da aka rubuta Spacewar. Ranar 23 ga Agusta 1963 Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana da Shugaba Kennedy ta tauraron ɗan'adam Syncom 2. Da Apollo 11 ya sauka a kan wata ranar 20 ga Yuli 1969, labarin ya shiga bakin jama'a har ciwon idon da ya ɓarke a Afirka ta Yamma a wannan shekara aka laƙaba masa suna afolo, sunan da ya bi shi har yau. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wadda ba ta da nisa da Dayi, wanda kuma ya yi zama a Funtua, ya yi wa kumbon waƙa.

Mafi muhimmanci ga batunmu shi ne, a wannan shekara ta 1969 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro mai suna Kilba wanda wani baƙo daga sama ya ɗauka suka yi yawo a sararin samaniya. Wannan marubuci shi ne kuma ya rubuta Wasannin Yara. Kenan shekara goma kafin Strange Odyssey, ɗalibin Hausa ya riga ya sami labarin kasada na sama da harshensa. Tsarin tafiya daga wuri zuwa wuri don neman wani abu mai daraja kuwa tsoho ne a adabinmu, kamar yadda Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar 1933, suka nuna. Daɗin daɗawa, tatsuniya kanta ba ta tafiya sai da amsawar masu sauraro.

6.0 Abubuwan da Suka Tare Hanya

6.1 Wutar Lantarki

Da farko mutum zai zaci tsada ce. Amma idan muka auna, a 1981 doka ta yanke mafi ƙarancin albashi naira 125 a wata, a lokacin kuwa naira ta fi dalar Amurka daraja a canjin hukuma. A wannan canji kuɗin Spectrum a Ingila bai kai albashin wata biyu ba. Bugu da ƙari, Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtua, wanda aka fara a tsakiyar shekarun 1970 da rancen Bankin Duniya, ya kawo taki da hanyoyin karkara a wannan yanki, manoma masu ƙarfi kuma suna sayen keke da babur da rikoda. Rabin kayan aikin, watau rikoda da kaset, ya riga ya shigo. Sai dai rikoda da batir take aiki. Kwamfuta kuwa sai da talabijin da wuta mai ɗorewa, domin da zarar wuta ta ɗauke duk abin da ke cikin ma'ajiyarta ya goge. Akasarin ƙauyuka ba su da lantarki a wancan lokaci, a birane kuma ɗaukewar wuta ruwan dare ce.

6.2 Tattalin Arziki

Abu na biyu shi ne rashin dacewar lokaci. A watan Afrilu 1982, watan da Spectrum ta fito, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu saboda faɗuwar kuɗin man fetur, aka ƙuntata shigo da kaya. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi warwas. Kenan shekarun da wasannin suka fi tashe su ne shekarun da kayan waje suka fi wuyar samu a Nijeriya. Sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta fito da manufar koyar da kwamfuta a 1988, da kwalejojinta ta fara, kuma zamanin waɗannan ƙananan injuna ya riga ya fara shuɗewa.

6.3 Harshe

Abu na uku shi ne mafi zurfi. Wasan harbi ba ruwansa da harshe, amma wasan kasada ba ya yiwuwa sai mai wasa ya iya karanta Turanci, ya kuma san ainihin kalmar da marubucin ya zaɓa. Duk wasannin da muka ambata da Turanci aka rubuta su, kuma allon haruffan injunan ba shi da ɓ da ɗ da ƙ.

Duk da haka, wannan shinge ba na fasaha ba ne. Spectrum tana ba mai ita damar zana sababbin haruffa har 21, Hausa kuwa ƙalilan take bukata. Haka nan jimlar umarni ta Hausa, kamar buɗe ƙofa ko tafi gabas, ta dace da tsarin kalma biyu. Akwai matsalar sauyawar ƙarshen aikatau, alal misali ɗauka da ɗauki fitila da ɗauke ta, to amma wasannin farko na Scott Adams haruffa uku na farkon kalma kaɗai suke dubawa don tsimin wuri, wannan dabara kuwa da ta warware matsalar a ɓagas. Har ila yau, a 1983 kamfanin Gilsoft ya fitar da The Quill, manhajar da ta ba wanda bai iya lissafin kwamfuta ba damar rubuta wasan kasada, aka kuwa rubuta ɗaruruwa da ita. Larabawa ma sun nuna hanya: a cikin shekarun 1980 kamfanin Al-Alamiah na Kuwait ya fitar da kwamfutocin Sakhr masu aiki da Larabci, duk da cewa rubutun Larabci ya fi namu na boko wuyar sarrafawa ga inji.

Tarihi ya nuna cewa duk fasahar da ta karɓi Hausa, Hausawa sun karɓe ta. Kaset ya yaɗa waƙa da wa'azi, ƙananan maɗaba'u sun haifar da adabin kasuwar Kano daga tsakiyar shekarun 1980, bidiyo kuma ya haifar da finafinan Hausa daga Turmin Danya na 1990. Kwamfutar gida ce ta zo da baƙin harshe, ta tafi ba ta koyi namu ba.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda wasannin kasada na sama suka taso daga manyan kwamfutocin jami'a a 1962, suka shiga gidaje a 1977, suka kai ƙololuwa tsakanin 1982 da 1984. Mun kuma ga cewa a daidai wannan zamani Bahaushe yana da ilmin taurari da waƙar kumbo da littafin yawon sama, amma wuta da tattalin arziki da harshe suka raba shi da wannan fanni.

Shinge biyu na farko sun yi sauƙi. Tun zuwan wayar salula a 2001, waya ta kai ƙauyuka, ana cajin ta da hasken rana ko janareta, kuma ƙaramar wayar zamani ta ninka Spectrum ma'ajiya dubbai. Haruffanmu masu lanƙwasa sun sami gurbi a tsarin Unicode, akwai kuma manhajoji na kyauta irin su Twine, wadda ta fito a 2009, da malami zai iya rubuta labari mai rassa da su. Shinge na uku ne yake nan daram, domin yawancin wasannin da yaro yake samu a waya da baƙin harshe suke zuwa.

Saboda haka muna ba da shawara sassan Hausa na kwalejojin ilmi su haɗa kai da sassan kwamfuta, a sa ɗaliban da za su zama malamai su riƙa rubuta gajerun wasannin kasada da Hausa a matsayin aikin aji, a kuma daidaita kalmomin da za a yi amfani da su. Yaron da yake son ya ceci kumbonsa dole ya karanta jimla da kyau, dole kuma ya rubuta ƙofa da ƙ, in ba haka ba ƙofar ba za ta buɗe masa ba. Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Abin da Crowther da Meretzky suka yi amfani da shi, ban da injin, shi ne iya ba da labari, wannan kuwa akwai shi a Dayi tun kafin a ƙera kumbo.